Wanda Ke Sanye Da Hular Mai

"Yaya, kar ka ƙara! Don girman Allah, Yaya!"

Ko waigowa bai yi ba. Ƙarfen kwance taya ya sake ɗagawa ya sauke a hannun Bahago, hannun hagun nan da yake neman abinci da shi.

Ƙas!

Ƴar Kanta ta ji ƙarar har cikin haƙoranta.

"Na shiga uku! Ka karya shi! Wallahi ka karya shi!"

Ta yi kukan kura za ta faɗa tsakaninsu, Mai Taya ya sha gabanta ya buɗe hannuwa. Abokin Yaya ne, shekara biyu yana safa da marwa a ƙofar gidansu tana ce masa a'a. Shi ya bi sawunsu sati uku, shi ya kai gulmar, kuma ƙarfen ma daga shagonsa ya fito.

"Tsaya nan, ƙanwata," ya ce yana washe baki. "Gyara ake miki."

Ku ji fa, wai gyara!

Inda ake wannan aika-aikar, a da ko tsawa ba a yi wa yaro. Jan Kwano ke nan, gidan boga, wato burodi mai nama a tsakiya, da soyayyen dankali. Kamfanin yana da sunansa na takarda, amma jan rufinsa kowa ya sani. Reshe bakwai gare shi a garin, kuma duk wanda ya tashi a lokacin ya san ƙamshin albasar nan da ke tare mutum tun daga bakin titi. A reshen tasha Babanta ke manaja, ita tana kanta tana karɓar oda, Bahago yana wajen wuta yana juya nama da hagu. Can suka fara kallon juna ta ƴar tagar da ake miƙo faranti.

Sai gobara ta cinye reshen tasha, ta nakasa hannun Baba na dama. Sauran rassan kuwa kamfani ya yi ta rufe su ɗaya bayan ɗaya. Na kasuwa ya koma kantin magani. Na bakin gada shagon waya ne yanzu. Na kusa da makaranta aski ake yi a ciki, amma har yau idan ka duba bango za ka ga inuwar haruffan da aka ciccire. Duk Asabar su biyun sukan zaga wuraren nan, in sun zo kangon reshen tasha Bahago ya nuna mata, "Nan firij yake, nan kika taɓa zubar da lemo a jikin wani mai kwat." Su yi dariya, ita ta share hawaye. Daga nan su ƙare a wannan reshen, na ƙarshe da ba a saya ba, da teburansa a kafe a ƙasa da ƙura a kansu.

Yau kan teburin da suka saba zama jini ne.

"Ɗan iska!" Yaya ya take wuyan rigar Bahago da takalmi. "Ka ƙone min uba, ka mai da shi abin tausayi, yanzu kuma ƙanwata kake so? Bai ishe ka ba?"

Ƴar Kanta ta kama hannun Mai Taya ta gantsara masa cizo har sai da ta ji gishirin jini. Ya kurma ihu ya yarfe ta. Ta faɗa kan Bahago ta rufe shi da jikinta.

"Sai dai ka haɗa da ni!"

Marin da Yaya ya ɗauke ta da shi sai da kunnenta ya yi ɗif.

"Yaya, ba shi ba ne... ranar nan ba..."

"Ƴar Kanta!" Bahago ya katse ta, bakinsa duk jini. "Kar ki ce komai. Kin min alkawari."

"Masoyina, kashe ka zai yi..."

"Ya kashe. Ki yi shiru, zuciyata."

Masu shagunan maƙota suka fara cika ƙofa. Wani tela ya riƙe ƙarfen, wasu suka ciccibi Bahago zuwa asibiti, hannunsa yana reto kamar ba nasa ba. Ita kuwa Yaya ya ja ta kiii har cikin motar Mai Taya, takalminta ɗaya ya tsaya a can.

A falo ya wurgar da ita gaban Baba.

Baba na zaune a kujerarsa, hannun daman a kan cinya, yatsun a naɗe, fatar tana sheƙi. Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Innalillahi! Wa ya fasa miki baki?"

"Ni ne," in ji Yaya. "Da wannan yaron na kama ta, a kangon Jan Kwano. Shi kuma na gama da hannunsa. Yadda Baba ba ya iya ɓalla maɓallin riga, shi ma ya ɗanɗana."

Mai Taya ya durƙusa yana riƙe da inda aka cije shi. "Baba, ni duk da haka ina sonta. A rufa asiri kawai."

Baba bai kalle shi ba. Ita yake kallo.

"Uwata," ya ce, don haka yake kiranta, "da gaske ne? Duk mazan garin nan ki rasa wanda za ki so sai shi?"



Abin da ya riƙe mata harshe shekara huɗu shi ne hular mai. Doka ce a Jan Kwano, kuma Baba da kansa ya kafa ta a reshensa: rawayar hula ɗaya tak, duk wanda take kansa shi ke tsaron tukunyar man suya. Ba ka matsawa ko taku ɗaya sai ka cire ta ka ɗora a kan wani. Ranar gobarar, da aka fito da Baba a sume, kowa ya ga hular a kan Bahago. Ba a ma yi bincike ba.

"Baba..." ta ce. "Hular a kaina take."

"Wace hula?"

"Ranar gobara. Motar burodi ce ta zo, Bahago ya ce in riƙe masa minti biyar, ya ɗora min ita. Sai aka buga ƙararrawar kanta. Baba, ni ƴar kanta ce, in na ji ƙararrawa ƙafata tafiya take yi da kanta! Na je na karɓi oda, na karɓi ta biyu, na manta da abin da ke kaina. Sai ihu na ji..."

Ludayin Umma ya faɗi.

"Da muka fito waje, kafin kowa ya lura, ya fizge ta ya saka. Ya ce ba zai iya ganin ka tsane ni ba. Ya sa na rantse."

"Ƙarya take!" Mai Taya ya miƙe. "Kare shi kawai take yi, Baba, asiri ya..."

Kofin shayin da ke gefen Baba ya tashi sama ya tarwatse a bango, dab da kunnen Mai Taya.

"Fita min daga gida."

"Baba, ai ni..."

"Na ce fita! In na sake ganin ƙafarka a layin nan sai na sa an ɗaure ka!"

Ya fita da sauri har yana tuntuɓe da dakalin ƙofa. Allah ya raka taki gona ma ba wanda ya ce masa.

Yaya ya zame ya zauna a ƙasa, yana kallon tafin hannunsa.

"Ke..." ya ce a hankali. "Kina kallo na... kina kallo duk shekarun nan ina farautarsa?"

"Tsoro nake ji, Yaya."

"Tsoro? Ni na karya hannun mutum saboda tsoronki!"

Ya zaburo zai shaƙe ta, Umma ta shiga tsakani tana dukan ƙirjinsa. "Ka taɓa ta in tsine maka! Bai isa ba? Jinin yau bai isa ba?"

Baba ya tashi ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Bai zage ta ba, bai dake ta ba, kuma wallahi da dukan ya yi da ya fi mata sauƙi. Ta kwanta a bakin ƙofar tana kiran sunansa har muryarta ta dushe.

Da safe ya fito da rigarsa ta fita, maɓallan a buɗe. Kullum ita ke ɓalla masa. Ta miƙa hannu, ya juya wajen Umma.

"Ku taso," ya ce. Ya dubi Yaya. "Har da kai."

A asibiti suka tarar da Bahago an naɗe hannun tun daga kafaɗa, ido ɗaya a kumbure. Likita ya ce wuri biyu ƙashin ya karye, zai haɗe, amma ba lallai yatsun su koma yadda suke ba. An tambaye shi wa ya yi masa haka, ya ce bai ga fuska ba.

Yana ganinta ya gane.

"Kin faɗa," ya ce. "Haba, zuciyata. Me ya sa?"

"Na gaji da ganin ana dukanka a madadina."

Yaya ya zube a gaban gadon, ƙaton mutum yana kuka da majina. "Ka kai ni ƙara. Don Allah ka kai ni, ko na samu sauƙi."

"Tashi, Yaya. Ni ma da ubana ne, da abin da zan yi ke nan."

Baba ya ja kujera ya zauna. Ya daɗe yana kallon yaron da ya koya wa aiki tun bai iya yanka albasa ba.

"Shekara huɗu," ya ce, "ba ranar da ban yi maka mugun baki ba. Na bi gidajen abinci na ɓata maka suna, na hana a ɗauke ka aiki. Yanzu ka faɗa min, da me zan biya ka?"

"Manaja..." Bahago bai taɓa iya kiransa da wani suna ba. "Abu ɗaya ne, kuma ka san shi."

"Da hannu ɗaya za ka riƙe ta?"

"Kai ma da ɗaya ka riƙe gida."

Baba ya kau da kai yana goge ido da kafaɗa. "Na ba ka. In ka warke ka turo manyanka."

Umma ta rushe da kukan daɗi. Ƴar Kanta ta rarrafa ta kama ƙafar mahaifinta.

"Baba, ka yafe min... don Allah ka ce ka yafe min."

Ya dube ta. Tun jiya sai yanzu ya dube ta.

"Hannun na yafe, Uwata. Wuta ce, kowa yana mantuwa." Ya numfasa. "Amma kullum da safe kina tsaye a gabana kina gyara min riga, kina jin ina tsine wa yaron nan, kika yi shiru. Wannan ki ba ni lokaci."

Ya zare ƙafarsa a hankali ya nufi ƙofa.

Bahago ya miƙo mata hannun dama, wanda bai iya komai da shi ba. Ta riƙe shi gam da hannu biyu, tana jin takun Baba yana nisa a barandar asibitin.