Kwakwa Uku a Bayan Katanga

Duk wanda ya san Faki Vuai a farkon aikinsa ya san mutumin kirki. Shi gwamnati ta ɗora wa kare garinsu, a tsibirin Pemba, daga tekun da ke cin gaɓa kowace shekara. Shekara goma sha biyu yana yawo da igiyar awo a kan tsohon keke, na bayansa suna wuce shi a mota. Abin ya ci masa rai, zuciya kuwa ba ta da ƙashi.

Wata rana da hantsi, ruwa ya janye, ya taka laka har kogon boka Mzee Pandu. Jajayen ƙyallaye na rataye, turare na hayaƙi cikin ƙoƙon kwakwa, jinin zakara ya bushe a kan dutse.

"Babban ma'aikaci da laka har gwiwa?" in ji bokan. "Ofis ya yi zafi ke nan."

"Baba, na gaji. So nake aikin katangar teku ya faɗo hannuna, da duk romon da ke ciki."

"Zai faɗo. Amma aljanin kogon nan ba a rufe masa ƙofa duka. In ka zo zana katangar, ka bar masa kwakwa ukun nan na gonar ubanka a waje."

"Shi ke nan? Ba sa, ba rago?"

"Ka ji na ce rago?"

Faki ya fito yana dariyar arha. Aiki ya faɗo, ya lanƙwasa layin da alƙalaminsa. Kafin shekara ya yi bene da mota biyu, masu otal suna rusuna masa.

Ranar da mahaifiyarsa Bi Mkasi ta ga katangar, sai ta zauna a ƙasa.

"Faki, wa ya bar itatuwan nan a waje? Da hannuna na binne cibiyar 'ya'yanka, na dasa wa kowa tasa kwakwa a kai. Kana birni wajen karatu, amma na gaya maka."

"Mama, wannan ai zancen mutanen da ne," in ji shi.

Teku ya yi ta sakatar saiwar itatuwan. Ranar da ta farko ta faɗi, babban ɗansa Mcha ya yanke jiki a filin ƙwallo, bai tashi ba. Ta biyu ta tafi da Sharifu, zazzaɓin yini ɗaya. Uwarsu ta zautu, kullum tana zuba shinkafa kwano biyu tana kiran sunayensu.

Saura ta Mwanaidi, autarsa, sanyin idonsa. Ya koma kogo, ya tarar babu kowa. Ya sayar da bene ya zuba siminti a gindin kwakwar, ruwa ya kwashe. Ƙarshe ya bar aiki, yana jidar duwatsu da ka yana roƙon teku kamar mai roƙon suruki. Na gan shi, kuma na yi hawaye.

Ranar wata Juma'a kwakwar ta kwanta. Bayan la'asar aka kai yarinyar makwancinta.

Katangar tana nan, ta kare 'ya'yan kowa ban da nasa. Kai mai kwaɗayi, in boka ya yi maka arha, to abin da ya fi ranka tsada ya ɗauka.