Ɓarawon da Ya Gyara Gadon Sarjan Kailu

Ranar Asabar da hantsi wani dattijo ya shigo komisariyar 'yan sanda ta Filinge, ya ƙame gaban teburin Sufeto Sahabi, ya sara masa. Sojoji sun daɗe da miƙa mulki, kuma babu mai sara wa kowa a garin sai irin waɗannan tsofaffi.

"Sarjan Kailu, mai ritaya. An sace min bindigar halbi, ranka shi daɗe. Jiya, ina masallacin Juma'a."

"Mi anka ɗauka bayan ita, Baba?"

"Ita ɗai."

Sahabi ɗan wani soja ne, a bariki ya tashi. Yana tuna shekarun fari, lokacin da manyan motocin soja ke shiga ƙauyukan Kurfai da hatsi, mata na guɗa, yara na bin ƙura. Kailu na cikin masu sauke buhunan, ƙato, da dariyarsa. Yau rigarsa ta yi masa yawa, abin ya sosa wa Sahabi rai.

Ɗakin Kailu a hargitse yake, tufafi a ƙasa, kofunan shayi ba wanki. Ga rediyo nan ba a taɓa ba. Ƙarƙashin katifa ake aje bindigar, amma gadon na nan tsaf, bargo a miƙe, an cusa kusurwoyinsa kamar da awo. Rabon Sahabi da ganin irin wannan shimfiɗa tun rasuwar mahaifinsa.

Ya kira Haske, matar gidan, gefe.

"Inna, wa ya gyara gadon ga?"

"Ni mana. Ban ga kowa ba."

Ya janye bargon, ya ce ta sake. Ta shimfiɗa shi da kyau, irin na kowace mace mai tsabta, amma ko kusa. Sai idonta ya cika.

"Ya yi watanni bai bari a taɓa gadon ga ba. Ba shi barci, ba shi cin abinci. Ya rabad da awakinai, ya bi gida-gida shina neman gahwara, alhali ba tahiya za shi ba."

"Wa kinka buɗe ma ƙofa?"

Ta sunkuyar da kai, ta koma madafa.

Tsofaffin sojojin garin suna da majalisa ƙarƙashin wani gawo bayan tasha. Nan suke shan shayi, suna sake yin faretin da ƙafafunsu suka daina iyawa, da baki. Sahabi ya tarar da kujerar Kailu babu kowa. Kusa da ita Kafaral Na'Allah ne, wanda suka shiga soja tare da Kailu, sanye da takalman soja da suka fi ƙafarsa.

"Takalman ga na wa?"

"Kyauta ce. Sarjan ya ba ni."

"Ina kake jiya da azahar?"

"Kasuwar Baleyara."

"Kasuwar Baleyara ba Juma'a take ci ba, Baba. Kuma ɓarawon da nika nema, da ya ɗaga katifa, hannunai bai yarda shi bar gado a yamutse ba. Bariki ce ta koya mishi."

Na'Allah ya dubi hannuwansa kamar sun ci amanarsa. Ya miƙe, ya ce a tafi. Daga cikin rumbunsa, ƙarƙashin damman gero, ya zaro bindigar, an naɗe ta da tsumma.

A zauren Kailu aka yi ta ta ƙare. Kailu na ganin abokinsa ya fusata.

"Kai, Na'Allah? Kai da munka sha ruwan gora guda a Dirku?"

"Ni ne, Sarjan. Haske ta buɗe min, ni niy roƙe ta. Ka manta Idi? Bara haka yay yi. Ya ba ni hulatai, ya nemi gahwara, munka ce tsuhwa ne. Da sahe munka binne shi. Da ka miƙo min takalmanka, jikina yay yi sanyi. Ban iya binne na biyu."

Sahabi ya aje hularsa, ya zauna a tabarma kusa da Kailu. Bai yi kwana-kwana ba, don ya san irin wannan tambaya ba ta son rufa-rufa.

"Baba, ka yi niyyar kashe kanka?"

Kailu ya juyo gare shi.

"Da, in na wuce, gari na tashi tsaye. Yanzu idona ya tahi, aikin gadi sun sallame ni. In na rufe ido, samarin da munka baro cikin rairayin arewa nika gani. Na gaji, ɗana."

"Na ji ka. Wagga gajiya ciwo ce, kuma ana maganinta. Yanzu za mu ga likita, ni da kai da Inna. Bindiga ta zama kayan shaida, tana komisariya sai an gama bincike, kuma ni ban da sauri."

Ya juya ga Na'Allah.

"Kai kuwa, ka amsa laihinka. Mu tahi."

Tsohon kafaral ya miƙo hannuwansa biyu a haɗe, yana jiran ankwa. Sahabi ya kai hannu ƙugu, a hankali, yana satar kallon Kailu.

"Kak ka sa mishi," in ji Kailu. "In kun ruhe shi, wa za shi zo shi kai ni majalisa gobe?"

Sahabi ya bar ankwar inda take. Ya tasa mai laifin gaba zuwa mota, Haske ta biyo su da mayafinta. A bakin ƙofa Kailu ya yi tuntuɓe, Na'Allah ya riƙe masa hannu, kuma bai sake shi ba har suka isa asibiti.