Gidan Nan Shiru

"Na ce miki a'a, Hidaya! Ko Salahuddeen ne autan maza, ba zai zama surukina ba."

"Inna, to me ya yi miki? Yana da sana'arsa, motarsa yake ja daga Kibiya zuwa Kano. Ba ya shan komai, ba ya..."

"Ɗan waye?"

Ta san amsar, ni ma na sani.

Ɗan marigayi Isyaku Zurgu ne, mai kukuma. Wai kuma wannan ne laifin! Mutumin da har gobe in aka saka waƙarsa a tashar Rano, sai ka ga ƙaton kwandasta ya manta da kiran fasinja. Ya rasu tun Salahuddeen yana rarrafe, amma muryarsa ta ƙi bin sa kabari. Daga kaset ta koma memori, daga memori ta shige wayoyinmu. Bai taɓa wasa mai kuɗi ko mai mulki ba, zuciya kawai yake yi wa waƙa. Na san matar da ta yi yaji, tana jin sa a rediyo ta yafa gyalenta ta koma ɗakinta ba tare da biko ba.

Duk ƙauyenmu na Fammar, gidanmu ne kaɗai ba a jin sa. Tun mahaifina Baffa yana raye, da an sako waƙar Zurgu Inna za ta miƙe ta murɗe tasha. Ni kuwa na ɗauka ƙyamar maroƙa ce irin ta Fulanin da.

Ina son Salahuddeen kamar raina, amma ba zan iya aure Inna tana kawar da kai ba. Haka na yi ta ramewa.

Ranar kasuwar Kibiya muka kai man shanu, sai ga ruwan farko ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Duk motoci sun watse, saura ta Salahuddeen. Inna ta shiga baya don dole, fuskar nan a murtuke.

"Inna, ina wuni?" in ji shi.

"Lafiya." Ko kallonsa ba ta yi ba.

Bawan Allah ya kashe rediyo, don na sha ja masa kunne. Amma shi da waƙar ubansa sai Allah! Muna barin gari, ruwa na dukan gilashi, bai san sanda bakinsa ya fara ba:

"Ruwa ya sauka, shanu sun dawo... gidan nan shiru."

Wayyo ni Hidaya! Na yi gyaran murya, na harare shi ta madubi, ina!

"Ba haka ba ne."

Muryar Inna ce, tana rawa.

"Na'am, Inna?"

"Ba gidan nan ya ce ba! Kai da kake ɗansa ma ka bi 'yan gari kuna ɓata masa waƙa? Giɗo am ya ce."

Fillancina ba nisa, amma wannan na san shi. Masoyina. Abin ƙaunata.

Salahuddeen ya gangara gefen hanya ya tsaya. Ya lalubo waƙar a waya. Kukumar ta yi kuka, muryar nan mai daɗi ta biyo ta, muka kasa kunne. Wallahi kuwa! Giɗo am shiru. Shekara da shekaru garin nan kaf ana rera gida, alhali mutum yake kira.

"Ni na koya masa," Inna ta ce, idonta a kan ruwan. "Ko zo in kashe ka bai sani ba da Fillanci. Nono nake kaiwa Rano, ya yi ta saye yana rabar wa mutane. Rani ya yi, muka bi shanu kudu, na ce masa da ruwan farko zan dawo. Ciwo ya kwantar da mahaifina a can. Yayyena suka dawo da shanu, ni na zauna jinya. Ko da na dawo, kowa ya kama gabansa. Babanki ya riƙe ni da mutunci, Hidaya, shi ya sa ban taɓa yarda waƙar nan ta shigar masa gida ba."

Ta share ido da bakin mayafi.

"Ban ƙi ka ba, ɗan nan. Muryarka ce... In ka yi sallama a ƙofar gida sai gabana ya faɗi."

"Inna," ya ce, shi ma idonsa ya kawo ruwa, "ni ban san shi ba sai a kaset. Ke ce kika san shi. In muryar ce matsala, na yarda in riƙa ƙwanƙwasa ƙofa kawai har in tsufa."

Dariya ta ƙwace mata cikin kukan. "Ji shashanci! Shi ma haka yake."

Na riƙo hannunta. "Innata..."

"Ke tafi can, uwar rigima." Amma ba ta janye hannun ba. "Kai kuma ka ce wa manyanka su zo. Tashi motar, ka sake yin ta, amma daidai."

Ya tashi motar. A hankali ya ɗauko waƙar.

"Ruwa ya sauka, shanu sun dawo... giɗo am..."

Bai kai ga cewa shiru ba, na ji Inna a gefena, can ƙasa-ƙasa, ta ce, "Na'am."