Jiƙaƙƙun Duwatsu a Rufin Wahabu

Dutsen farko ya faɗo ne ladan na tsakiyar kiran magariba, Ubaida tana kwashe tuwo a tsakar gida. Ƙarar kwanon rufi ta sa ta saki mara. Dutsen ya gangaro a hankali, ya faɗi kusa da murhu, ɗan ƙarami kamar ƙwan zabo, baƙi, a jiƙe sharkaf. Watan Maris ne. Yendi ta yi wata biyar ba ta ga ɗigon ruwan sama ba, famfon unguwa ma sai ran da ya ga dama yake kawo ruwa.

Mijinta Wahabu yana zaune kan tabarma da kwamfuta a cinya. Ya ɗaga kai ya dubi katangar maƙwabcinsa Zibrim, ya daɗe yana dubanta.

"Hassada ce," in ji shi. "Tun da na sayi moton nan mai ƙafa biyu bai ƙara yi mini gaisuwar kirki ba."

Da, Wahabu gyaran waya yake yi a bakin kasuwa. Shekara uku ke nan da ya buɗe shafin tafiye-tafiye a intanet, abin da samarin unguwa ke kira bulog, yana zagaya garuruwan arewa yana ɗaukar hoto yana rubuta abin da ya gani. Da fari dariya aka yi masa, ana cewa ya mayar da yawon banza sana'a. Sai ga tallace-tallace sun fara hawa shafin. Wani gidan saukar baƙi ya riƙa ba shi kamasho kan duk wanda ya kama ɗaki ta hanyarsa. Masaƙa suka riƙa ba shi rigunan fugu yana sayar wa masu karanta shi. Mafi tsoka kuwa shi ne rakiyar baƙi: mutanen Accra da na ƙasashen waje, masu neman ganin inda aka tsare kakanninsu a Salaga zamanin cinikin bayi, su biya shi ya kai su.

Turancinsa na kasuwa ne, don haka 'yarsa Mudassira, mai shekara goma sha shida, ita ke buga masa rubutu. Shi ya faɗa da Hausa, ita ta mayar. Duk cikin abin da suka rubuta, babu wanda ya kawo masa mutane kamar labarin wata tsohuwar rijiya da ke bayan Salaga, cikin ciyayi, wadda ba ta cikin rijiyoyin da aka saba nuna wa baƙi. Labarin ya ce wata baiwa ce ta faɗa ciki da jaririnta, kuma duk wanda ya jefa dutse da magariba zai ji kukanta. Ran da suke rubutawa Mudassira ta tsayar da hannu ta ce, "Baaba, wa ya ba ka wannan labarin?" Ya ce tsofaffin gari ne, ta ci gaba da aikinta.

Washegari da magariba duwatsu uku suka faɗo. Jibi bakwai. Ran Asabar kuwa, ranar da baƙi suka fi zuwa Salaga, sai da Ubaida ta cika ƙaramin bokiti. Duk baƙaƙe, duk a jiƙe, da wani wari na laka da ta daɗe ba ta ga rana ba. Da an idar da sallah sai jifan ya tsaya, gidan ya yi tsit, irin shirun da ke sa mutum ya ji numfashin kansa.

Wahabu ya hau tsani ya leƙa gidan Zibrim, ya same shi yana alwala, babu komai a hannunsa sai buta. Zibrim, Badagombe ne da ya koyi Hausa a tashar mota, ya ɗago ya ce, "Masta, ni ma ina ji. Matana ya ce mu tashi gidan nan. In ni ne, ina zan samu ruwa na jiƙa dutse?"

Wannan bai wanke shi a zuciyar Wahabu ba, sai dai ya ƙara masa abokan zargi. Ya zargi wani ɗan Tamale mai irin shafinsa. Ya zargi tsohon abokin rumfarsa. Har Ubaida sai da ya yi wa kallon gefe, don ta sha cewa tana tsoron kuɗin da ke shigowa ta waya ba a ga hannun da ya miƙo shi ba. Ita kuma tana zarginsa da cewa ya je wani wuri an yi masa aikin kasuwa. Mata da miji suka koma cin tuwo a kwano ɗaya kowa na satar kallon ɗan'uwansa. Mutum ɗaya ne kawai Wahabu bai taɓa zargi ba, shi ne wanda yake gani a madubi.

A mako na biyu abin ya bar rufi ya shiga Mudassira.

Sun same ta ne zaune a bayan ɗakin girki, rana ta yi ja, ta zuba wa ƙasa ido. Bakin zanenta a jiƙe. Hannunta na dama ya dunƙule gam, sanyi ƙalau, ko ɗan yatsa ɗaya ba ya buɗuwa. Ubaida ta kira sunanta sau uku. A na ukun yarinyar ta juyo ta yi magana da yaren Gonja na mutanen Salaga, yaren da ko gaisuwa ba ta iya da shi ba, da muryar tsohuwa.

Suka kai ta asibiti, aka auna jini, aka duba kai, aka ce ba a ga komai ba. Da rana sai ta kwanta shiru, ba ci ba sha sai ɗan koko da uwarta ke ɗura mata. Da rana ta karkata sai ta tashi zaune, duk dutsen da ya bugi rufi sai ta zabura ta dafe kai, kamar ita aka jefa. Cikin kwana goma wuyanta ya zama kamar na kaza. Ubaida ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba, ta tabbata in aka ƙara mako biyu a haka, 'yarta ba za ta kai ba.

"Baban Mudassira," ta ce, "a kira Malam Abdul-Kadiri."

"Daga Bawku? Duk malaman Yendi sun ƙare?"

"Shi ba ka san shi ba, bai san ka ba. Shi nake so."

Malam Abdul-Kadiri kawun mahaifiyar Ubaida ne, ɗan tsohon gidan malamai, Hausarsa cikakkiya kamar ta littafi. Ya biyo motar da ke bi ta garin Garu, ya iso ranar Alhamis bayan la'asar da 'yar jakar fata da carbi. Gajere ne, ba shi da yawan magana. Bai nemi kaza ba, bai nemi turare ba, abin da ya sa Wahabu ya fara zargin ko ma bai iya aikin ba. Bokitin duwatsun kawai ya ce a kawo masa. Ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya juya shi a tafin hannu.

"Wannan dutsen ƙasan rijiya ne," ya ce. "Wa ke da hulɗa da rijiya a gidan nan?"

Wahabu ya dubi ƙofa.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Ubaida ta riƙe kafaɗun yarinyar. Inuwar katanga ta miƙe ta rufe su. Kaji suka shige akurki tun lokacinsu bai yi ba. Malam ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa, bai yi sauri ba, bai ɗaga murya ba, aya na bin aya. Wahabu ya tsaya daga gefe, ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa, ya fitar, ya harɗe hannuwa a ƙirji.

Can Mudassira ta buɗe ido. Idon nata ne, kallon ba nata ba ne.

"Assalamu alaikum," in ji Malam. "Da wa nake magana?"

"Wa alaikumus salam." Muryar ta fito a dishe, da Hausa irin ta mutanen da. "Ka daina ƙona ni, Malam. Ni ma musulma ce."

"Musulma ba ta zaluntar yarinya. Daga ina?"

"Daga Salaga. Rijiyar bayan gari. Tun fatake na sauke goro a wurin nake zaune cikinta. Ban taɓa kowa ba, ba wanda ya taɓa ni. Matan da ke ɗiban ruwa a da, sallama suke yi kafin su saki guga. Yanzu kullum magariba sai ga mutane da fitilun waya, suna dariya, suna jifana a ka. Jikana sun fasa masa goshi. Ni ban jefi kowa ba. Abin da aka jefo mini nake mayar wa mai shi."

"Wane ne mai shi?"

Hannun hagu ya ɗaga a hankali ya nuna Wahabu.

"Ya ce wata baiwa ta mutu a ɗakina. Babu wadda ta mutu. Waɗanda suka sha wuya a garin nan da gaske suna da yawa, na ga wucewarsu, bai tambayi labarin ko ɗaya ba. Zama ya yi a kan motonsa yana cin gyaɗa ya ƙirƙiro nasa."

Ubaida ta juyo ta dubi mijinta.

"To, ita yarinyar fa?" in ji Malam.

"Hannunta ne ya rubuta. Shi na riƙe."

"Umarnin uba ta bi. Ta ma tambaye shi, ko ba ta tambaya ba?"

"Ta tambaya," in ji muryar.

"To, ki sake ta. Faɗi abin da kike so, in bai saɓa wa Allah ba za a yi."

Ta ce a goge labarin. Ta ce ya rubuta da hannunsa, da Turancinsa na kasuwa, cewa ƙarya ya yi. Ta ce ya je ya rufe bakin rijiyar da katako, ya kwashe duwatsun nan ya zuba a gindin bishiyar da ke kusa, kuma kada ya ƙara kai kowa. Ta so ta ƙara da cewa a yanka mata baƙin bunsuru, Malam ya ce wannan kam babu, yanka na Allah ne shi kaɗai. Ta yi gunaguni ta janye.

Wahabu ya san abin da hakan ke nufi. Mai rakiyar baƙi da ya ce da bakinsa ya yi ƙarya a kan kakannin mutane, ya gama rakiya. Gidan saukar baƙi zai janye, masu talla za su bi. Ya dubi wuyan 'yarsa, ya ce, "Na yarda. Wallahi na yarda."

"Rantse da Alƙur'ani za ki fita, ba za ki dawo ba," in ji Malam.

"Zan rantse. Amma ta yaya zan yarda da shi, Malam, alhali har yanzu yana cin kasuwa da ni?" Bakin yarinyar ya yi wani murmushi marar daɗi. "Ka ce ya fito da abin da ke aljihunsa."

Daga nesa ladan ya fara gyaran murya a lasifika.

"Fito da shi," in ji Malam.

Wahabu ya zaro wayar. Idon kyamararta yana leƙe ta saman aljihu tun ɗazu, jan ɗigo na ƙiftawa, minti arba'in da ɗaya. Shi kansa ba zai iya cewa ga lokacin da ya yanke shawarar dannawa ba. Hannu ne ya saba: duk abin da zai tara masu kallo, sai ya ɗauka. Amma ya san a can ƙasan ransa ya riga ya fara tunanin sunan da zai sa wa bidiyon.

Ubaida ba ta yi ihu ba. Ta ce a hankali, "'Yarka ce fa." Kunya ta rufe shi.

Ya goge a gaban Malam, ya shiga inda gogaggun abubuwa ke taruwa ya sake gogewa. Muryar ta yi rantsuwa sau uku, ta yi sallama. Mudassira ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki a hannun uwarta, yatsun nan suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ne ya zubo daga tafin, kamar cikin cokali. Ranar aka yi magariba rufin gidan shiru.

Wahabu ya cika alkawari. Ya je Salaga da katako da bokiti, ya yi sallama a bakin rijiya kafin ya buga ƙusa. Ya rubuta abin da aka ce ya rubuta, ya sha zagi daga ƙasashen da bai san sunansu ba. Kafin damina ta faɗi ya sayar da moton, ya koma rumfar gyaran waya, ya je har gida ya ba Zibrim haƙuri. Duk wannan bai yi masa ciwo sosai ba.

Mudassira ta warke, ta yi ƙiba, ta koma makaranta. Ta ce ba ta tuna komai na kwanakin nan, kuma uwarta ta rantse ba ta gaya mata zancen wayar ba. Sai dai wata ranar Juma'a ta dawo da sakamakon jarrabawa, ta zo ta ɗaya a ajinsu, ta shigo da gudu tana dariya tana kiran uwarta. Wahabu ya fito daga ɗaki da murnarsa, ya miƙa hannu zai karɓi takardar. Tana ganinsa dariyar ta tsaya. Ta gyara mayafi, ta ja baya taku ɗaya, idonta a kan aljihun gaban rigarsa.

"Baaba," ta ce, "ajiye wayar tukuna."

Babu waya a aljihun, tana ɗaki tana caji. Ya juya mata aljihun ta gani, sannan ta miƙo masa takardar.