Za'afaran na Gashin Masara

Wata dattijuwa 'yar Katar ce ta fara ganowa. Ta ɗanɗana shinkafar, ta ture farantin, ta ce babu za'afaran a ciki. Gidan abincin yana hawa na arba'in na wani otal a unguwar West Bay ta birnin Doha, ga shi ana tsakiyar gasar Kofin Duniya, babu teburin da ba a kama ba. Da aka jiƙa abin da ke cikin gwangwanayen za'afaran na sito, sai jan launin ya wanke, ya bar gashin masara.

Manaja bai yi dogon tunani ba. Sabo direba ke ɗauko kaya daga kasuwar Souq Waqif, saboda haka shi ne ɓarawo.

"Gobe 'yan sanda za su zo, kafil ɗin da ya ɗauki nauyin zamansa ya soke bizarsa. Khalas."

Ɗalhatu mai gadi ya yi shekara tara yana aikin ɗan sanda a Gusau kafin ya zo Doha. Sai da ya roƙa sau uku manaja ya ba shi zuwa la'asar ya bincika.

Ya sami Sabo a wurin ajiye motoci, idanunsa jajur.

"Wallahi Yaya, a liƙe nake karɓa, a liƙe nake miƙawa."

Sherifa mai kula da sito ta tabbatar da haka.

"To wa ke buɗewa?"

"Babban kuku. Kullum da safe sai ya shinshina kafin a ɗiba."

Nan Ɗalhatu ya tsaya. Kukun nan ɗan Labanan ya shekara talatin yana girki. Ta yaya zai shinshina gashin masara kullum bai gane ba? Ya koma wajen manaja da tambayar, manaja ya kore shi da hannu, waya a kunne.

Ɗalhatu ya haɗa shayi, ya zuba gishiri cokali uku, ya kai wa kukun. Mutumin ya sha rabi, ya yi godiya.

"Oga, tun yaushe ka daina jin ɗanɗano?"

Kukun ya ajiye kofin.

"Tun da korona ta kama ni bara. Ƙamshi ma ba na ji."

"Wa ya sani?"

"Abass kaɗai, mataimakina. Shi yake ɗanɗana mini, ya gyaɗa kai."

Abass ɗan Zangon Kumasi ne. Da Ɗalhatu ya ce ya buɗe lokarsa ta ajiye kaya, sai Abass ya sassauta murya.

"Ɗan'uwa, ni da kai Hausa muke ji."

"Sabo ma Hausa yake ji. Buɗe."

Za'afaran ɗin na cikin filas ɗin shayi, a danƙare.

Ɗalhatu ya yi wa manaja bayani. Duk wanda ya musanya kayan ya san za a shinshina da safe. Ba mai yin wannan kasadar sai wanda ya san hancin ba ya aiki, kuma mutum ɗaya ne ya sani.

Manaja ya miƙa Abass ga 'yan sanda. Ya kori kukun saboda ɓoye lalurarsa. Bai ba Sabo haƙuri ba, ya dai ce yalla, ya yi maza, kifi na jira a kasuwa. Ɗalhatu kuwa takardar gargaɗi ya samu, don barin ƙofa da kuma zuba wa babba gishiri a shayi.

Da yamma kukun ya sauko da jakar wuƙaƙensa. Dokar otal ce a caje duk ma'aikacin da aka sallama. Ɗalhatu ya kasa miƙa hannu.

"Ka ceci direbanka," in ji dattijon, ya zuge jakar da kansa. "Duba. Kada su sake rubuta maka takarda."