Surukin da Aka Kama Yana Leƙen Asiri

A shagon ruwan rake na Hajji Bayumi da ke unguwar Shubra, Shauƙi ya fara ganin Insaf. Lokacin Rashawa sun cika Alƙahira suna horar da sojojinmu, shi kuma ƙaramin hafsa ne da ke tsakaninsu da manyanmu. Ya fassara, ya raka, ya kai rahoton abin da kunnensa ya jiyo.

Ranar ya rako wani jibgegen Barashe. Insaf, 'yar mai shagon, ta miƙo kofi, Shauƙi ya saki baki yana kallonta.

"Baƙonka na magana," ta ce.

"Ƙyale shi, ya saba jira."

Ba a daɗe ba ya zo neman aure. Hajji ya yi abin da kowane uba ke yi, ya shiga bincike, amma labarin bai yi daɗi ba. Maƙwabta suka ce yaron da kayan gida yake fita, ba wanda ya san ofishinsa, kuma an gan shi a liyafa yana ɗaga kofi da Rashawa.

"Mashayi ba zai ɗauki 'yata ba," in ji Hajji.

Insaf ta kira Shauƙi daga wayar kantin magani. "Ruhina, ka gaya masa gaskiya mana."

"Rantsuwar aiki ta ɗaure min baki, hasken idona. Ki dai yi min addu'a."

"Addu'a ina yi, kuka ma ina yi. Ɗan mai yadi ya sake turo uwarsa neman aurena fa."

Da Hajji ya ga yarinya ta daina cin abinci, sai ya ce gani ya kori ji. Ya kafa kujera a shagon gahawa da ke kallon masaukin Rashawa, ya ɓoye fuska da jarida, har da tambayar mai gadi yaushe yaron ke shiga da fita. A irin wannan zamani! Mutum biyu suka yi awon gaba da shi.

"Wa ya aiko ka?" Kanar, shugaban su Shauƙi, ya tambaya. "Amurkawa?"

"Uwar yara ce, ranka ya daɗe."

Da Kanar ya ji zancen ya yi dariya har da hawaye, ya sa aka kira Shauƙi. Yana shigowa cikin kaki ya ga tsohon, ya sunkuya ya sumbaci hannunsa.

"Baba Hajji, ka yafe min. Ni na ja maka wannan."

"Ruwa ne zalla a kofinsa," in ji Kanar. "Shi ya sa muka zaɓe shi. Kowa ya bugu ya saki baki, shi kaɗai ke tashi da hankalinsa. Kai ma mun bincike ka, don hafsanmu ba ya aure sai mun san gidan."

"Me kuka samu?"

"Ba ka surka rakenka da ruwa."

Ranar karanta Fatiha duk layinmu ya sha jan sharbat. Na ga Insaf ta rungume ubanta tana cewa, "Baba, ba ni da bakin gode maka."

"Ki gode wa Allah da mijinki," ya ce, idonsa ya ciko. "Na so in hana ki alheri, shi kuma ya sumbaci hannuna a gaban manyansa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari. Amma in 'yarku ta isa aure, wani ya je binciken."