Mazan Gonar Wendell Pruitt

A duwatsun Humboldt, wanda bai san Wendell Pruitt ba, to baƙo ne. Shi da mijin ƙanwarsa, Royce Tackett, sun daɗe suna noman wiwi a gona ɗaya, tun zamanin da ake ɓoye ta cikin daji. Da gwamnati ta halatta noman, Royce ya zagaya ya karɓo lasisi da sunansa shi kaɗai, ya sa sabon kwaɗo a ƙofar gonar.

"Haba suruki," Royce ya ce da Wendell ta tagar mota yana dariya, "kai da ko tumatir ba ka iya rayawa? In aikin yankan ganye kake so, zo in ɗauke ka."

Maganar ta zauna wa Wendell a ƙirji kamar garwashi.

Akwai wata tsohuwa, Odessa, can inda hanyar masu yankan katako ta ƙare. Kowa ya san sana'arta, ba mai faɗa. Da rana tsaka Wendell ya same ta cikin kogon wata ƙatuwar bishiya da gobara ta cinye cikinta. Haske ba ya shiga wurin. Ƙoƙunan kan barewa ne jere, kowanne an cusa masa busasshen ganye a ido. A tsakiya ga kaskon ƙarfe cike da baƙar ƙasa, ƙasar tana hawa tana sauka kamar cikin mai barci.

"Dukiya kake so, ko ran Royce?" ta tambaye shi tun bai gaishe ta ba.

"Duka biyun, Iya."

"Bakinka da faɗi, ɗan nan."

Ta kwance wata jakar fata, ta zazzage masa irin wiwi baƙi ƙirin a tafin hannu, ta ce daga duwatsun Afghanistan ya zo. Ta sa ya tsaga ɗan yatsansa ya ɗiga jini a kaskon. Ƙasar ta shanye shi har da ƙara.

"Me zan biya?"

"Ka san iri kan fito mace da namiji. Matan naka ne. Ranar da ka tumɓuke mazan kuwa, duk namijin da ke kan ƙasar gidanka nawa ne."

Wendell ya ƙyalƙyale da dariya. "Namiji? Ai dama zubar da shi muke yi, ɓata mana matan yake."

"To, mun shirya," in ji ta.

Ya shuka a filin bayan gidan mahaifinsa. Shukar ta fito gajera, mai kauri, ganyenta faffaɗa kamar tafin ƙato, warinta har bakin titi. Ranar da ya tumɓuke mazan, mahaifinsa, tsoho Harlan, yana zaune a baranda da kofin kofi a hannu. Kofin ya faɗi, tsohon ya bi shi. Karensu ma a ƙarƙashin kujerar aka same shi a sanƙare.

Wendell ba wawa ba ne, ya gane. Sai dai a bakin kabarin, abin da ya faɗo masa a rai ba nadama ba ce. Royce ne.

Arziki ya zo kamar ambaliya. Masu saye suka riƙa tahowa daga Los Angeles suna layi a ƙofarsa. Ya gina sabon gida a filin, ya tura ɗansa tilo, Emmett, jami'a mai nisa, don ya raba shi da ƙasar. Da shuka ta biyu ta nuna mazanta, ya kira Royce a waya.

"Suruki, abin da ya wuce ya wuce. Zo ka ga tumatir ɗina."

Royce ya zo, don kasuwarsa ta faɗi, yana neman inda zai jingina. Wendell ya miƙa masa giya mai sanyi, ya tsayar da shi a tsakiyar gona, ya kama namijin farko, ya fizge shi yana kallon ƙwayar idonsa. Royce ya dafe ƙirji, ya kifa cikin ganye.

Daɗin bai gama ratsa Wendell ba sai ihu ya tashi daga gida. Matarsa Lorna ce. Ashe Emmett ya samu hutu, ya shigo ta ƙofar baya don ya yi wa uwarsa bazata. A hannunta ya cika, yana rungume da ita.

Daga ranar Lorna ba ta ƙara dawowa daidai ba. Rigunan yaron take binnewa a tsakar gida tana ba su ruwa, tana jiran su tsiro. Ƙanwar Wendell, matar Royce, ta tofa masa yawu a wurin jana'iza.

Ya ɗauki bindiga ya koma kogon.

"Kin cuce ni, tsohuwar banza!"

"Ni? Ka ga ubanka ya faɗi, ka fahimta, ka sake shukawa."

Bindigar ta yi masa nauyi har ta zame. "To ni me ya sa kika bar ni?"

"Kai ne mai tumɓukewa, ɗan nan. Wa zai yi mini aiki?"

Ya cinna wa gonar wuta, da bazara ta zo shukar ta sake tsirowa da kanta. Yanzu ba namijin da ke taka ƙasar, ko mai kawo wasiƙa daga titi yake jefawa. Wendell yana nan, ya tsufa a tsaye, yana gadin ciyawar da ba ya iya taɓawa.

Kai mai zuciyar ramuwa, kai mai gaggawar arziki, ka ji. Bokanyar ba ta taɓa yi wa Wendell ƙarya ba. Ya ji farashin da kunnensa, ya biya da hannunsa.